Kafin Ka Saka Imel ɗin Kamfani a Wayarka

Daga cikin ayyukan da nake yi a sashen kwamfuta na kamfaninmu a Ikeja, babu wanda ya kai saka wa ma'aikata imel ɗin ofis a waya yawan maimaituwa. Sabon ma'aikaci yakan miƙo wayarsa ya ce a saka masa, kamar yadda ake saka wa mutum Facebook ko WhatsApp, kuma 'yan uwanmu na Arewa da ke aiki a bankunan Victoria Island da kamfanonin fiton kaya na Apapa sukan kira ni idan sun kasa gane abin da ofisoshinsu suke nema daga gare su. Kusan kowa yadda saƙonni za su riƙa shigowa yake tambaya. Da wuya a sami wanda zai tambayi irin ikon da yake miƙa wa kamfani a kan wayar da ya saya da guminsa, ko irin nauyin da ya hau kansa daga ranar da bayanan kamfani suka shiga aljihunsa, alhali a ganina waɗannan biyun su ne maganar, saitin kansa kuwa aikin 'yan mintoci ne.

Waɗanda suka yi aikin ofis a Legas wajen 2010 zuwa 2012 za su tuna cewa a lokacin abin bai da wannan sarƙaƙiya. Kamfani ne yake sayen BlackBerry, wayar da Research In Motion na ƙasar Kanada yake ƙerawa, ya haɗa ta da sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin kamfanin, ta hanyar manhajar BlackBerry Enterprise Server, ya miƙa wa manaja ko wani babban ma'aikaci. Wayar ta kamfani ce, layin na kamfani ne, kuma ranar da mutum ya ajiye aiki yakan mayar da ita tare da katin shaidarsa. Wannan zamani ya shuɗe, har a ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe hidimomin da tsofaffin wayoyin BlackBerry suka dogara da su. Abin da ya kawar da shi ya faro ne tun 2008, shekarar da iPhone ta fara aiki da Exchange ActiveSync, tsarin Microsoft da ke tura imel da kalanda da lambobin mutane daga sabar kamfani zuwa waya nan take, sannan wayoyin Android suka bi sahu. Daga nan kamfanoni suka gano cewa barin ma'aikaci ya yi amfani da tasa wayar ya fi musu arha, kuma kullen korona da aka fara a Legas ranar 30 ga Maris 2020 ya ƙarasa aikin, domin har ƙananan ma'aikatan da ba a taɓa tunanin ba su imel a waya ba sai da aka saka musu.

Sai dai ActiveSync bai zo da saƙonni kaɗai ba. Tun asali an gina shi da wani iko da kamfani yake riƙewa a hannunsa: yana iya tilasta wa waya ta kasance da lambar kullewa, ya ƙayyade bayan minti nawa za ta kulle kanta, kuma yana iya aiko da umarni daga nesa a goge ta. A tsohon tsari, idan an saka asusun a manhajar imel da ta zo da wayar, wannan gogewa ba ta bambanta wasiƙun kamfani da hotunan bikin ƙanwarka ko karatun malamai da ka shekara kana tarawa; tana mayar da wayar yadda ta fito daga kwali. Ana nuna gargaɗi a allo kafin a kammala saitin, cikin dogon Turanci, amma na sha tsayawa kusa da mutum ina kallo yana latsa amincewa bai karanta layi ɗaya ba. Daga baya Microsoft ya ƙara hanyar goge asusun kaɗai, kuma manhajar Outlook ta waya abin da ke cikinta kawai take sharewa, amma har gobe akwai ofisoshin da ke kan tsohuwar saba da tsohon saiti, kuma ma'aikaci ba zai sani ba sai ya tambaya.

A yau, idan aka ce mutum ya kawo wayarsa a yi mata rajista, matakin ikon da ake nema ya danganta da tsarin da kamfanin ya zaɓa. Mafi nauyi shi ne wanda kamfani yake mallakar ragamar wayar baki ɗaya, ya zaɓi manhajojin da za a saka, ya hana waɗanda bai so, ya goge komai idan ya ga dama. Wannan tsari an yi shi ne domin wayar da kamfani ya saya, kuma a Android yana da alama bayyananniya: sai an share wayar an faro ta daga farko kafin a shigar da ita. Saboda haka duk wanda aka ce wa ya share wayarsa ta kansa kafin a saka masa imel, ya dakata ya nemi bayani, domin abin da ake nema ya wuce imel.

Tsarin da na fi yarda da shi, kuma nake ba kowa shawara ya nema, shi ne wanda yake raba wayar gida biyu. Google ya shigo da shi tun Android 5.0, inda ake buɗe wani keɓantaccen sashe na aiki a cikin wayar, manhajojinsa suna ɗauke da ɗan hoton jakar ofis a gefe, kuma Apple ya kawo makamancinsa a iOS 13 a 2019. Misalinsa kamar ka bai wa kamfani hayar ɗaki guda a gidanka ne: shi yake da makullin ɗakin, yana iya kwashe kayansa ranar da ya so, amma ba shi da hanyar shiga sauran ɗakunan. Ma'aikatan sashen kwamfuta suna ganin samfurin wayar da sigar Android ko iOS ɗin da take kai da manhajojin aikin da aka saka, amma ba sa ganin hotunanka, ko hirarrakinka na WhatsApp, ko waɗanda ka kira, kuma idan suka aiko da umarnin gogewa sashen aikin kaɗai yake tafiya. Akwai kuma hanya mai sauƙi fiye da wannan, wadda kamfanonin da ke amfani da Microsoft Intune, tsarin kula da wayoyin ma'aikata, suke yawan bi, inda ba a taɓa wayar kanta sai dai a ɗaure manhajojin aiki irin su Outlook da Teams da ƙa'idoji: a sa musu tasu lambar sirri, a hana kwafe rubutu daga cikinsu zuwa wata manhaja, a kuma iya share abin da ke cikinsu daga nesa.

Dalilin da ya sa rabuwar nan ta fi muhimmanci a gare mu bai tsaya ga fasaha ba. A wurinmu waya ba kayan mutum ɗaya ba ce kamar yadda masu ƙera ta suke zato. Idan baƙo ya sauka daga Arewa a Agege ko Mile 12 layinsa babu kati, ko yayanka ya ce ka ara masa ya kira gida, ko yara suka matsa suna son kallo bayan sallar isha'i, hana su abin kunya ne, kuma cewa akwai sirrin ofis a ciki ba magana ce mai daɗin ji ba a kunnen wanda ya girme ka. Wani dattijo da ke kula da ma'ajiyar kayanmu ya taɓa ce mini, "Malam, yanzu so kake ƙanena ya roƙe ni waya in ce masa kamfani ya hana?" Na ce, "A'a, Alhaji, miƙa masa za ka yi hankalinka kwance, domin wajen aikin yana da nasa makullin daban." Idan sashen aiki yana da lambarsa ta daban, mutum zai miƙa wayarsa ga kowa ba tare da ya ci amanar kamfani ko ya ɓata zumunci ba. A Android ma ana iya dakatar da sashen gaba ɗaya da latsawa guda, saƙonnin ofis su daina shigowa har sai an kunna, abin da nake yi duk ranar Asabar da Lahadi idan ba ni ne mai jiran kira ba.

Ba zan ɗora wa ma'aikata laifi su kaɗai ba. Kamfanin da ya ƙulle komai, ya hana buɗe takarda a waya, kuma bai samar da wata hanya mai sauƙi ba, shi da kansa yake tura mutane su riƙa ɗaukar hoton allon kwamfuta suna aikawa ta WhatsApp, inda babu wanda zai iya janye takardar bayan ta fita. Wakilin da ke tsaye a tashar jiragen ruwa ta Tin Can yana jiran takardar fitar da kwantena ba zai tsaya bin doguwar hanya ba idan kuɗin ajiya yana hauhawa a kansa. Haka kuma kamfanin da ya wajabta imel a wayar ma'aikaci ya kamata ya ɗauki kuɗin data, musamman tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025. Idan kuma aikin na buƙatar cikakken iko a kan waya, to ya sayi wayar.

Kalmar sirri kaɗai ta daina isa, kuma tun Oktoban 2022 Microsoft ya fara rufe tsohuwar hanyar shiga Exchange Online, hidimar imel ɗinsa ta kamfanoni, da suna da kalmar sirri kawai, shi ya sa wasu tsofaffin manhajojin imel suka daina aiki a lokacin. Yanzu ana neman shaida ta biyu, ko dai lambar da ake turowa ta saƙon tes, ko ta manhaja irin su Microsoft Authenticator da Google Authenticator. A tsakanin biyun na fi son manhaja. Lambar tes ta dogara da layi, shi kuwa layi ana iya sace shi, ana iya yaudarar wani a sake fitar da shi da sunanka, kuma wanda aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa yakan sake sayar da shi ga wani. Ɓarawon da ya fizge waya a cunkoson Oshodi ba ya buƙatar buɗe ta. Ya isa ya zare sim ya saka a wata, sai fa idan mai ita ya sa wa sim ɗin lambar kullewa, abin da mutane kaɗan ne suke yi duk da cewa kowace waya tana da wurin yin hakan. Manhajar kuwa tana fitar da lambobi 6 da ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30, ba ta buƙatar sabis, amma tana dogara da agogon wayar, don haka wanda ya saba gaggauta agogonsa da minti biyar don kada ya makara zai ga ana ta ƙin karɓar lambarsa. A bar agogo ya riƙa saita kansa. Idan kuma sanarwa ta faɗo tana neman ka amince da shiga asusunka alhali ba kai kake shiga ba, wannan alama ce cewa kalmar sirrinka tana hannun wani, kuma saboda masu latsa amincewa don kawai a bar su su huta ne Microsoft ya wajabta, tun Mayun 2023, sai mutum ya rubuta lambar da ya gani a allon da yake shiga.

Akwai ruɗani mai yawa game da VPN, wato manhajar da ke bi da zirga-zirgar intanet ɗin waya ta wata ɓoyayyiyar hanya, kuma asalin ruɗanin sananne ne. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa sun sauke manhajojin VPN na kyauta domin su tsallake shingen, kuma wasu har yau ba su cire su ba. Na kamfani aikinsa daban ne: yana buɗe ɓoyayyiyar hanya tsakanin waya da cibiyar kwamfutocin ofis, ta yadda mutum zai isa ga abubuwan da ba a fito da su fili a intanet ba, kamar manhajar albashi ko ta lissafin kaya, kuma wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da shi a otal ko filin jirgi ba zai iya karanta abin da ke wucewa ba. Na kyauta kuwa yana bi da bayananka ta sabar wani da ba ka sani ba, kuma yana sa tsarin tsaron kamfani ya ga kamar daga Holan ko Amurka kake shiga, sai ya rufe asusun, kai kuma ka zo kana cewa imel ya lalace. Abin da ya kamata ma'aikaci ya tambaya game da na kamfanin shi ne ko duk zirga-zirgar wayar ce take bi ta ofis idan an kunna shi, ko ta manhajojin aiki kaɗai. Idan duka ce, to muddin yana kunne ofis yana iya ganin shafukan da wayar take ziyarta, saboda haka a kashe shi da zarar an gama abin da ya kawo shi. Irin wannan taka-tsantsan ya shafi takardar shaida ta lantarki da wasu ofisoshi suke sawa a waya kafin ta hau Wi-Fi ɗinsu, domin wata don tantance wayar ce kawai, wata kuwa tana bai wa ofis damar duba abin da ke wucewa ta cikin layinsa.

Kalanda ita ce aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi kunyata mutum a gaban baƙi. Nijeriya tana gaba da agogon GMT da awa 1 duk shekara, amma Ingila tana sauya agogonta a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ta yadda a watannin da ke tsakani lokacin Legas da na Landan ɗaya ne, a sauran kuma muna gaba da awa guda. Dubai tana gabanmu da awa 3, Sin da awa 7. Kalandar da aka haɗa da sabar kamfani tana yin wannan lissafi da kanta idan an karɓi gayyatar taron yadda aka aiko ta, amma wanda ya kwafe lokacin da hannu ya rubuta a tasa zai wayi gari a watan Nuwamba ya shiga taron da sauran awa guda a fara. Ni a tawa na toshe lokacin sallar Juma'a a matsayin abin da ke maimaituwa kowane mako, kuma tun daga nan abokan aiki suka daina sa mini taro a lokacin ba tare da na yi wa kowa doguwar magana ba. Hutun sallah kuwa ba na dogara da ranar da kalandar waya ta nuna, tun da sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, ma'aikatar harkokin cikin gida kuma ita take ayyana ranakun hutu. Abu guda da za a kiyaye shi ne cewa abin da aka rubuta a kalandar ofis na ofis ne: a wasu wurare abokan aiki suna ganin cewa ba ka da sarari ne kawai, a wasu kuma suna ganin har kan maganar, don haka ranar kai iyali awo ko ganin likita wurinta kalandar gida.

Irin wayar ma tana da tasiri. Yawancin mutanenmu Tecno da Infinix da itel suke riƙewa, dukansu na kamfanin Transsion, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne saƙo ba ya shigowa sai an buɗe manhajar. Galibi tsarin tattalin batir ne yake kashe manhajar idan allo ya mutu, kuma maganinsa a cire Outlook ko Gmail da manhajar tantancewa daga jerin waɗanda ake takura wa. Wayar da aka saya ta hannu, wadda ta daina samun sabuntawar tsaro ko aka taɓa fasa tsarinta, sau da yawa tsarin kamfani yakan ƙi karɓarta, kuma da gaskiyarsa. Sannan duk wanda zai kai gyara Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja, ya tuna cewa mai gyara yakan nemi lambar buɗe waya domin ya gwada allo ko lasifika. Mafi yawansu neman halak ɗinsu suke yi, amma asusun kamfani ba naka ba ne da za ka bar shi a buɗe a shagon wani, don haka ka cire shi ko ka sanar da sashen kwamfuta su rufe shi kafin ka miƙa.

Idan waya ta ɓata ko aka sace ta, gaggawar sanar da ofis ta fi komai, ko da tsakar dare ne, kuma ko da mutum yana jin nauyin faɗa. Umarnin gogewa ba ya isa ga waya sai ta hau intanet, ɓarawo kuwa abin da yake fara yi shi ne kashe ta, saboda haka abin da yake ceto a sa'o'in farko shi ne a sauya kalmar sirri a kuma fitar da asusun daga duk na'urorin da yake buɗe a kansu, aikin da sashen kwamfuta yake yi cikin mintoci idan ya sami labari. Akwai kuma doka a kai. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72 da samun labari idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Akwatin imel ɗin ma'aikacin banki ko na asibiti ko na sashen albashi cike yake da sunaye da lambobin asusu da adireshin mutanen da ba su san ma wayar tana duniya ba, kuma 'yan damfarar da suka shiga irin wannan akwati sukan zauna shiru suna karanta wasiƙu har su ga inda ake shirin biyan kuɗi, sannan su aika da sabuwar lambar asusu da sunan mai akwatin.

Ranar barin aiki tana da nata tarkon, wanda ya kamata a duba tun yanzu. Wayoyi da yawa, bayan an saka musu asusun kamfani, sukan riƙa ajiye sababbin lambobin mutane a cikinsa ba tare da mai wayar ya lura ba, har lambar surukinsa da ta makanikensa da ta mai kawo masa saƙo daga Kano duk su tare a sabar ofis. Ranar da aka rufe asusun, lambobin suna tafiya tare da shi, kuma sashen kwamfuta ba lallai ne ya sami izinin sake buɗe asusun wanda ya riga ya tafi ba. Duba wannan ba ya ɗaukar lokaci: a shiga saitin lambobin waya, a ga wane asusu aka zaɓa domin ajiye sababbi, a mayar da shi na kai, sannan a kwashe waɗanda suka riga suka shiga na ofis tun asusun yana aiki.